Janar ɗin Yaya Sahabi da Takarkarin Sambo

Shekarar da iskar farkon damina ta tumɓuke babban gawon da ke bakin kasuwar bisashe ta Dakoro, a cikinta ne yayana Sahabi ya rasu. Gawon ya faɗi muna shuka, shi kuma ya cika bayan an kai hatsi rumbu. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. A ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Korahane, mutane kaɗan ne ke kiransa da sunan yanka. Janar suke ce masa, alhali duk zamansa a soja bai wuce igiya biyu ba.

Sunan ya same shi ne saboda wani mutum da bai taɓa gani ba, wani janar na ƙasar Amirka wanda ya yi yaƙinsa ya gama tun kafin Turawa su mallaki ƙasarmu. Lokacin da aka kai Yaya wani bariki can arewa, a shekarun da arewar ta rikice, ya tsinci wani littafin Faransanci da wani babban soja ya bari, labarin aikin sojan wannan janar tun daga farko har ƙarshen babban yaƙinsa. Yaya ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana yaro, shi kaɗai a gidanmu, don haka ya riƙa bin littafin da yatsa, layi bayan layi, har ya ƙare shi ya sake komawa. Littafin ya bar shi inda ya same shi. Labarin kuwa ya dawo da shi gida a ka, tare da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Sunan janar ɗin ya yi wa bakinmu nauyi, kowa ya faɗa sai ya karkace, har Yaya ya haƙura ya koma cewa "mutumina".

Ni na girma ban san harafi ko ɗaya na boko ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya a Dakoro, kuma da hannuna ya saba da bik, alƙalamin boko, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in ajiye labarin nan. Ba don daɗinsa kaɗai ba. Akwai wani zaman amana da Yaya ya ɗaure tsakanin garinmu da gidan wani makiyayi mai suna Sambo, kuma da labarin nan ya ɗaure shi. Tun bayan rasuwarsa nake ƙoƙarin kada zaman ya kwance a hannunmu.

Bayan la'asar yake ba da labarin, a rumfar mai shayi, kuma ba ya farawa da yaƙi. Yakan ce mutuminsa ba shi da siffar soja ko kaɗan. Ɗan majemi ne, ubansa fata yake jima, shi kuwa ko warin jini ba ya so. An kai shi makarantar soja ba da son ransa ba, kuma abin da ya fi kowa a can shi ne doki: duk dokin da ya gagari mutane, in ya hau shi sai ya yi laushi. Yaƙinsa na farko da ƙasar da ke kudu da tasu aka yi shi. Aikinsa kula da abinci da alfadarai, amma da an fara harbi sai a gan shi a gaba. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa yaƙin nan danniya ne, babba ne ya hau ƙarami. Sannan aka jefa shi wani bariki mai nisa, ba mata ba ƴaƴa, kaɗaici ya ci shi, aka ce ya kama shan giya, ya ajiye aiki. Ya yi noma bai ci ba. Ya sayar da itacen wuta a titi. Ƙarshe ya koma shagon fata na ubansa, ƙannensa na ba shi umarni.

A daidai nan kullum sai wani ya tsoma baki, don Yaya ma ya sayar da itace bayan dawowarsa.

"Janar, wanga ai labarinka ne kake ba mu, ka canza mishi gari."

"Ni jakina ɗaya, shi yana da amalanke," in ji Yaya. "Ku yi haƙuri in kai ku inda muka rabu."

Inda suka rabu shi ne babban yaƙin. Ƙasar ta tsage biyu a kan maganar bayi, mutanen kudu suka ɓalle don su ci gaba da riƙon bayinsu, aka rasa masu sanin aikin soja, sai aka tuna da mai sayar da fata. An fara ba shi wasu mutane marasa jin magana, ya daidaita su ba tare da ihu ba. Ya ci garuruwan tsaro a bakin koguna. Wata safiya abokan gaba suka faɗa masa bai shirya ba, suka tura shi har gaɓar ruwa, mutanensa suka zube ba adadi, manyan sojojinsa suka fara tunanin tsallakewa. Shi kuwa ya ƙi motsi, washegari ya koma ya ƙwace filin. Sai wani birni da ke kan tudu, a bakin babban koginsu, wanda ya tare hanyar jiragen ruwa. Ya gwada ta nan abin ya ƙi, ya sa aka haƙa hanyar ruwa ta can ta ƙi, aka yi ta zaginsa a jaridu, har ya zagaya ta ƙasan birnin, ya rabu da hanyar abincinsa, ya kewaye shi ya zauna, yunwa ta buɗe masa ƙofa. Yaya yakan zana kogin a ƙasa da tsinke, ya jera kashin awaki ya ce su ne sojoji. In wata akuya ta ratsa ta tsakiyar fagen yaƙin sai ya ce ga mahaya dawakin kudu nan sun iso.

Akwai wuri ɗaya da muryarsa ke sauka. Bayan an ba mutuminsa dukan rundunonin arewa, ya taɓa tura mutane su afka wa abokan gaba da suka haƙa ramuka suka laɓe. Cikin ɗan lokaci aka kwantar da su kamar an sare karan dawa. Waɗanda ba su mutu ba suka kwanta tsakanin ɓangarorin biyu, cikin rana, suna kiran ruwa, shugabannin rundunonin biyu kuwa suna ta aika wa juna saƙo a kan yadda za a tsayar da wuta. Kafin su daidaita, yawancin masu kiran sun yi shiru. Janar ɗin ya rayu yana nadamar wannan umarni. In Yaya ya kawo nan sai ya tsaya, ya share zanen da tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Nasa yaƙin bai taɓa ba mu labarinsa ba. Sau ɗaya na tambaye shi, muna hanyar gona, ya ce, "Idi, abin da na gani a arewa ba na rumfar shayi ba ne." Ban sake tambaya ba. Yau da nake rubutun nan ina jin da bakin wancan mutum yake faɗin abin da nasa bakin ya kasa.

Ƙarshen labarin shi ne ranar da babban janar na kudu ya zo miƙa wuya. Ya zo cikin sabbin kaya da takobinsa, mutumin Yaya kuwa ya iso da taɓo a takalmi. Bai karɓi takobin ba. Ya hana sojojinsa harbin murna. Ya sa aka kai wa waɗanda ya ci abinci, don sun daɗe da yunwa. Da aka gaya masa cewa dawakin da ke hannun sojojin kudu nasu ne na kansu, daga gonakinsu suka zo da su, sai ya yarda duk mai doki ko alfadari ya tafi da abinsa gida, tunda lokacin shuka ya yi. "Duk yaƙin nan," in ji Yaya, "in kun mance koguna da birane ba komai. Nan kaɗai nake so ku riƙe."

Mu dai mun ɗauke shi hira. Ba mu san za a yi ranar da zai kai shi ƙofar mai gari ba.

Sambo tun zamanin mahaifinmu gidansu ke sauka wajenmu. Da damina yana can wajen Tagriss da shanunsa, har da awakinmu da muke ba shi amana. In an gama girbi aka saki gonaki, sai ya gangaro ya kafa zango a gonar wannan, ya koma ta wancan. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki, matansa su kawo nono su karɓi hatsi. Rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, irin wadda in ka leƙa ba ka ganin ruwan. Mutum zai iya jawo abin sha da guga, amma ba zai shayar da garke ba. Wannan aikin takarkari ne, bijimin da aka hora: a ɗaura masa igiyar wasaki, babbar gugar fata, ya miƙa ya yi nisa da ita har wasakin ya fito, a juye a komi, ya dawo. Haka zai yini. In babu shi, garken da ke tsaye a bakin rijiya daidai yake da wanda ke tsakiyar daji.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, ciyawa ta ƙare, shanun Sambo suka gangaro ba a saki gonaki ba. Suka shiga, suka ci wake, suka yaga damman hatsi a gonaki uku, har da tamu. Wanda ya fi shan ɓarna shi ne Malam Tanko, maƙwabcinmu, mutum mai yawan iyali da saurin fushi. Samari suka fita da sanduna, mutanen Sambo ba su da yawa, aka fasa wa Sambo kai, aka koro garken gaba ɗaya zuwa cikin gari. Da hantsi aka taru a ƙofar mai gari. Sambo na zaune gefe, ya ɗaure kai da rawaninsa, jini ya ɓullo ta ciki.

Tanko ya ce, "Ranka shi daɗe, ko ɗan maraƙi ba ya fita garin nan sai an maido muna hatsinmu."

Aka yi ta cewa haka ne. Sai Yaya ya miƙe, ya juya kunnensa mai ji wajen mutane kamar yadda ya saba.

"Ɓarna an yi ta, gonata na ciki. A riƙe bijimai har ardo ya zo a duba a yanke. Amma takarkari da shanun tatsa a ba shi yanzu. Mutumina da ya ci yaƙi..."

"Janar, nan fa ba Amirka ba ce!" in ji Tanko. Wuri ya fashe da dariya.

Yaya ya bari suka gama. "Na sani. Can ruwansu a kogi yake, ko ɗan akuya ya je ya sha. Nan in ka riƙe mishi takarkari, wa zai ja mishi wasaki? Kai za mu ɗaura ma igiya?"

Dariyar ta juya kan Tanko, don mutum ne mai jiki, har wani ya ce ai zai iya.

"Mun ci shi, Tanko," in ji Yaya, ya sassauta murya. "Ga shi nan zaune da jini a ka. Mi kake so kuma? Shanun su mutu da ƙishirwa, ka biya kanka da fatu?"

Mai gari bai ce a yi ba, bai ce kar a yi ba. Yaya bai jira ba. Ya shiga cikin garken, ya kama igiyar hancin takarkarin, wani farin bijimi mai karyayyen ƙaho, ya jawo shi ta tsakiyar taron ya sa igiyar a hannun Sambo. Ba wanda ya tare shi. Sambo ya dubi igiyar, ya dubi Yaya.

"Soja, wannan janar naka Bafillace ne?"

"A'a. Ɗan majemi ne."

"To, Allah shi ba majemi lada."

Ardo ya zo, aka zagaya gonakin, aka yanke abin da Sambo zai bayar cikin tumakinsa, ya bayar bai yi gardama ba. Da aka saki gonaki ya fara sauka a ta Tanko, ya daɗe a cikinta fiye da ta kowa. Tanko bai taɓa cewa Yaya ya yi daidai ba, amma daga ranar nan wata ƙa'ida ta zauna a garinmu wadda ba a rubuta ko'ina ba: kome zafin rigima da makiyayi, ba a taɓa takarkari, ba a taɓa saniyar tatsa. Dokar Janar ake ce mata, rabi da wasa. An sake samun ɓarna bayan haka, ba sau ɗaya ba, an yi cacar baki, an yi biya, amma kowace kaka Sambo na dawowa.

Ciwon da ya ɗauki Yaya bai daɗe ba, ƙirji ne. Sambo ya iso ta'aziyya da ƙwaryar nono a hannunsa, ya zauna a zaurenmu tun safe har azahar. Da zai tafi ya ce mini, "Idi, yanzu kai ne." Na ce to. Ban san nauyin abin da na amsa ba.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san ta ina zai fara mamaki ba. Burtalin da shanu ke bi daga arewa zuwa rijiya, wanda a da garke biyu ke wucewa kafaɗa da kafaɗa, gonaki sun ci shi daga dama da hagu. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Mun yi yawa, gona ɗaya ta uba an raba wa ƴaƴa shida, kowa in zai yi shuka sai ya ƙara kunya ɗaya ta wajen hanya yana cewa ba za ta hana komai ba. Karan da a da ake bar wa shanu, yanzu kwashe shi ake yi a tara a kan rumfa, don ya zama abin sayarwa. Ga labaran masu bindiga da ke zuwa daga nesa ta cikin wayoyi, sun sa duk baƙon da aka gani da sanda da rawani sai an dube shi sau biyu. Samarin da suka tashi cikin wannan ba su zauna a rumfar shayi sun ga kogi a ƙasa ba.

Kaka uku da suka wuce abin ya faru. Sambo ya tsufa, ɗansa Buba ke jan garke. Suna gangarowa ta burtali, shanun suka ci waken wata gona da aka shuka a tsakiyar hanyarsu. Gonar ta Lawali ce, ɗan Malam Tanko. Lawali ya tara abokansa suka fita kan babura. Ƙarar ta watsa garken, kowace saniya ta kama gabanta, sai dabba ɗaya ta tsaya cak, wadda ta saba da mutane, mai igiya a hanci. Ita suka kama, don ita ce mai sauƙin kamu. Wannan karon baƙin bijimi ne, farin ya daɗe da mutuwa, amma aikinsu ɗaya.

Na tarar da su a bakin gari sun ɗaure shi a gindin itacen bedi. Na ce, "Lawali, wannan takarkari ne. Ka sake shi, a kamo maka wani. Ni zan tsaya maka."

"Baba Idi, ni sa na gani a gonata."

Na fara ba su labarin dawakin nan. Na san shi tun daga farko har ƙarshe, amma a bakina bai tashi ba. Ina cikin faɗin yadda janar na kudu ya zo da takobi, wani yaro ya duba wayarsa, wani ya tayar da babur.

"Baba, da girmanka," in ji Lawali, "Janar ya mutu, dokarshi ta bi shi. Yanzu akwai hukuma."

Abin da ban zata ba, Malam Tanko da kansa ya fito, yana dogara sanda, ido ya fara yi masa hazo. Ya ce, "Kai, ɗan nan, ba a taɓa na rijiya. Kwance shi." Mutumin da aka yi wa dariya a ƙofar mai gari shi ne ya zo yana kare dokar. Lawali ya sunkuyar da kai kamar ya ji, amma kafin azahar sun kora bijimin zuwa Dakoro, inda ake tsare dabbobin da aka kama da ɓarna.

Daga nan magana ta fita hannun gari. Na yi ta zirga-zirga tsakanin mai gari da ardo da Dakoro. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ba wanda ya ce ba za a saki ba. Yau a ce sai mai gona ya zo, gobe a ce sai an je an auna ɓarna, jibi wanda zai auna ya yi tafiya. Kowa na bin ƙa'idar aikinsa, garken kuwa na tsaye a bakin rijiya. Sauran makiyaya kowa na fama da nasa layin, wanda ya ara musu bijimi yau ba zai iya gobe ba. Na ga Buba da ƙannensa da matansu sun jeru a kan igiya suna jan wasaki da hannu, suna tafiya da baya a kan sawun da takarkari ya bari. Mu ma mun kama musu, ni da ƴaƴana da wasu dattawa. Tafin hannu ya tsage. Abin da muka fitar a yini bai kai rabin abin da shanun ke buƙata ba. Manya suka riƙa ture ƙanana a bakin komi. Nono ya ƙafe, maruƙa suka fara kwantawa.

Ranar da aka maido bijimin, haƙarƙarinsa a waje, Sambo bai jira sakin gonaki ba. Suka naɗe kaya suka yi gabas, ba sallama. Bayan ƴan kwanaki wani mutum ya koro mana awakinmu na amana, cif, ba wadda ta ɓace, har da ƴaƴan da suka haifa a arewa. Da ya riƙe ko ɗaya don fushi da na fi samun sauƙi a rai. Shekarar da ta biyo Sambo ya rasu can wajen Birnin Lalle, labarin bai iso mu ba sai bayan an share makoki.

Kwanan baya malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ya kawo labarin da ya ji a gida. Na kawo na janar. Ta duba a wayarta, ta gane mutumin, ta ce Yaya bai ƙara ba bai rage ba, har maganar dawakin. Amma ta ce akwai abin da ya biyo baya. Da aka gama yaƙin, sojojin nan aka juya su kan mutanen asali na ƙasar, waɗanda ke yawo a manyan filayen ciyawa suna bin garkunan shanun daji. Aka yi ta tura su, aka tattara su a wurare ƙanana, manoma suka shigo suka kafa shinge. Wani ɓangare na wannan ya faru ne mutumin Yaya yana shugaban sojoji, wani kuma yana shugaban ƙasar.

Na koma gida ina juya maganar. Ashe rangwamen da janar ɗin ya yi ya tsaya ne a kan waɗanda suka yi kama da shi, masu gona da garma. Masu yawo da bin ciyawa ba su samu ba. Ban sani ba ko Yaya ya san wannan. Littafinsa a ƙarshen yaƙi ya tsaya. Da ya ji, ina jin zai share ƙasa da tafin hannu ya yi shirun nan nasa, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Abin da na iya gani kawai shi ne, Yaya ya ɗauki abu mai kyau daga wurin mutumin ya kai shi inda mai abin bai kai shi ba. Ya kai shi wurin makiyayi, ranar da tamu gonar ce aka ci.

Bana bayan girbi na ƙi kwashe karan gonata. Maƙwabta suka ce na yi hauka, ga masu saye na yawo. Na shiga kasuwar bisashe ina neman Buba, na same shi ya kawo tumaki. Ya rusuna ya gaishe ni kamar yadda yake yi tun yana ƙarami, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Buba, kara na nan na bar maka. Ka sauko bana. Ba wanda zai taɓa maka komai, ni na yi alkawari."

Ya yi murmushi yana shafa bayan wani rago. "Baffa Idi, kai ka yi alkawari. Burtalin fa, shi ma ya yi?"

"Za mu yi magana da mai gari."

"Ku yi. Ni na samu rijiya can gabas, ba daɗi amma ba a kama mini sa." Ya ɗago ya dube ni. "Kar ka ga kamar mun mance. Har yau in yara sun taru ana ba su labarin sojan da ya sa ma Baba igiya a hannu. Yana nan wurinmu. Ku ne kuka yar da shi."

Mai saye ya zo ya kama haƙoran rago, Buba ya juya wajensa. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran magana, na tafi. Karan yana gonar har yanzu, iska da gara suna cinsa.

Abin da ya rage na Yaya ke nan, a iyakar ganina: yana raye a zangon mutanen da ba su ƙara sauka wajenmu. Abin da aka rasa kuwa ba shi da wuyar ƙirga. Maruƙa bakwai da saniya biyu da suka mutu a bakin rijiyarmu. Kaka uku gonata ba ta ga taki ba, hatsinta ya ragu har ana gani. Ƙwaryar nono ba ta sake shigowa zaurenmu ba. Awakinmu ba su da mai kai su arewa. Sambo ya tafi ba mu yi sallama ba, ba mu kuma tsaya a kan gawarsa ba. Sai Yaya Sahabi, shekara goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansu su biyun.